Alhaji Alhassan Ɗantata: Maigidan da Kuɗinsa ke Tafiya Su Komo

Mai karatu, idan kai mutumin Kazaure ne ko Babura, ko kuwa Roni da Gwiwa, kuma Allah ya bar maka tsoho a gida, ka tambaye shi yadda kakar gyaɗa take a zamanin da. Da an cire gyaɗa an ɓare, sai baƙi su sauka a kasuwa da sikeli da buhuna da jakar kuɗin azurfa. Kuɗin nan kuwa ba nasu ba ne. Na wani maigida ne da ke zaune can birnin Kano, tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa, wanda ba shi da wata hanyar sanin ko yaronsa yana nan yana awo, ko kuwa ya bi dare da dukiyar. Ga iyaka kusa, gama daga Babura da ƙafa mutum yake shiga ƙasar da Faransa take mulki a lokacin. Duk da haka jakunkunan kuɗi suna fita kowace kaka, buhunan gyaɗa kuma suna shiga Kano a kan jakuna da raƙuma, shekara bayan shekara.

A cikin masu gidan da suka riƙe wannan ciniki babu wanda ya kai Alhaji Alhassan Ɗantata. Yawancin mutane abin da suka sani game da shi shi ne yawan dukiya. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne yadda mutum ɗaya ya iya danƙa dukiyarsa a hannun mutane masu yawa da idonsa ba ya ganinsu, ta tafi ta komo, har tsawon shekara arba'in.

An haife shi a Bebeji, kudu da Kano, a shekara ta 1877. Iyayensa Agalawa ne, wato mutanen nan da aka sani da fataucin nesa, musamman na goron Gwanja. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, kuma Bebeji tana kan hanyar fatake, saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga ayari yana sauka yana tashi. Amma bai daɗe a inuwar uba ba. Abdullahi ya rasu wajen shekara ta 1885, sa'ad da Alhassan yake ɗan shekara takwas. Aka raba gado, gida ya watse. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana a yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunanta ne aka sami Ɗantata. Abin lura ne cewa attajirin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa bai ɗauki sunan uba ko na sarauta ba, sunan baiwar da ta goye shi ne ya bi shi har kabari, ya kuma bi zuriyarsa.

Gadon da ya samu bai kai ya riƙe shi ba. Ya yi karatun allo, ya yi aikin ƙarfi domin ya ci, kamar sauran almajirai. Tata ce ta koya masa tanadi, in ya sami wuri biyu ya jefa ɗaya a asusu. Wannan hali bai rabu da shi ba ko bayan da kuɗinsa suka fi ƙarfin ƙirga a zama ɗaya.

Yana saurayi ya bi ayari har Ankara wurin mahaifiyarsa, ya ga teku, ya ga yadda ake ciniki a bakin gaɓa, sa'an nan ya komo Bebeji. Komowarsa ta zo daidai da mugun lokaci. A shekara ta 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, yaƙin Basasa ya tashi. Ƙasa ta rabu biyu, garuruwa suka ci wuta, kuma Alhassan yana cikin waɗanda aka kama, sai da fansa ya kuɓuta. Bayan shekara goma, a farkon 1903, sojan Turawa da suka taso daga Zariya suka fasa Bebeji a kan hanyarsu ta cin Kano. Mutumin da ya ga uba ya mutu, gida ya watse, an kama shi kamar kaya, ya kuma ga garinsu ya faɗi, ba sai an gaya masa cewa dukiya da sarauta ba su da tabbas ba.

A fataucin goro ne ya koyi aikin shugabanci, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a nan, gama matasa da yawa ba su san yadda ayari yake ba. Tafiya daga Kano zuwa Gwanja watanni ce, ba kwanaki ba. Akwai ƙetare Kwara, akwai kuɗin fito, akwai sarakunan hanya da kowannensu sai an ba shi gaisuwa, akwai 'yan fashi. Madugu shi ne yake tsai da ranar tashi, shi ne yake zaɓen zango, shi ne yake zama da sarkin gari su daidaita abin da za a biya, sa'an nan ya raba wa kowane falke nasa kason gwargwadon kayansa. Idan ya ƙara ko wuri ɗaya domin aljihunsa, fatake za su gane, gama su ma sun iya lissafi, kuma baɗi ba mai binsa. Babu sarkin da yake naɗa shi, babu dogarin da yake tilasta wa kowa ya bi shi. Ga shi kuma goro ba ya jira. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa ruwa, ana sāke ganye, in kuwa aka yi sakaci kwana kaɗan, jari ya tafi. Wanda ya tashi cikin irin wannan aiki ya san cewa biyayyar mutane aro ce suke ba shugaba, kuma suna iya karɓe abinsu a zango na gaba.

Alhassan bai tsaya kan tsohuwar hanya ba. Da ya ga jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da bakin teku, jiragen ruwa kuma suna zirga-zirga zuwa Ikko, sai ya shiga cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa. Abin da yake cin watanni ya koma makonni, goro kuma yana isa da sauran ɗanyensa. A wannan zama na bakin teku ya tsinci ɗan Turanci, ya kuma ga yadda kamfanoni suke rubuta shiga da fita a littafi. Yana sayar da tsakiya da yadudduka na Turai tare da goron. Kafin gyaɗa ta zo, ya riga ya zama mai jari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekara ta 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Turawa auduga suke sa rai za su kwasa domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi: tana son jigawa, ba ta gajiyar da ƙasa, in farashi ya faɗi ana iya cinta, harawarta kuma abincin dabbobi ce. A Turai kuwa ana neman manta domin sabulu da man shafa wa burodi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Ƙasar rairayi irin ta Kazaure da Babura, wadda a lokacin take cikin Lardin Kano, ta shiga wannan noma tun da wuri.

Amma Bature na kanti bai san ƙauye ba, bai san harshe ba, bai san wanda zai ba bashi ya dawo ba. Dole ya nemi attajiran birni waɗanda suke da mutane a ko'ina. Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin na farko. Alhassan, wanda ya riga ya dawo Kano da zama, ya zama mai saye wa kamfanin Neja, wanda daga baya, a 1929, ya haɗu da wani ya zama U.A.C. Zuwa shekara ta 1922 ya wuce dukan attajiran Kano.

Ga yadda aikin yake. Kafin kaka kamfani ya ba Alhassan kuɗi masu yawa. Shi kuma ya haɗa da nasa, ya raba wa manyan wakilansa, su kuma su raba wa nasu yaran, har abin ya gangara ga mai sikeli a ƙarƙashin tsamiya a kasuwar ƙauye. Gyaɗa kuma ta biyo wannan tsani ta hau, kowa yana cire la'adarsa bisa ga nauyin da ya kawo. A kowane mataki akwai ƙofar ɓarna. Wani zai iya cin kuɗin ya ce 'yan fashi ne, wani ya zuba ƙasa a buhu, wani ya kai gyaɗar ga wanda ya ƙara masa sisi. Kotu tana nesa, kuma ko an kai ƙara, mutumin da ba shi da komai me za a karɓa a wurinsa?

A ganina abu na farko da ya riƙe wannan tsani shi ne, Alhassan kansa yana tsakiyarsa. Shi maigida ne ga yaransa, amma shi ma akwai ranar da zai tsaya gaban akawun kamfani ya ba da lissafin abin da ya karɓa. Dokar da yake ɗora wa na ƙasa ita ce take kansa, kuma kowa ya sani. Da ya taɓa cin kuɗin kamfani sau ɗaya, da labarin ya riga shi isa Kurmi, da kuma kowane yaro ya sami hujjar yin irin nasa. Mu da muke aiki a ofis ko makaranta ko asibiti mun san wannan sarai. Shugaban da yake zuwa ƙarfe goma ba ya iya tsare littafin sa hannu na ƙarfe takwas, wanda kuma yake taɓa kuɗin man mota, bakinsa a rufe yake ranar da direba ya sayar da taya.

Sai kuma zancen tsimi. An san Alhassan da rashin almubazzaranci, a sutura da ci da sha da zaman gida, har waɗansu suna ganin abin ya yi yawa ga mai dukiya irin tasa. A zamanin da attajiri yake nuna isa da yawan dawaki da maroƙa da kyautar ganin ido, shi ribarsa komawa take cikin jari. Mutane sukan ɗauki wannan a kan halin rowa ko halin kirki, gwargwadon yadda suke kallonsa, amma yana da amfani na aiki wanda ba a cika faɗa ba. Wakilin da ya ɗauko gyaɗa tun daga iyaka yana bukatar ya tabbata cewa in ya iso zai tarar da kuɗi, kuma baɗi ma za a sake ba shi jari. Maigidan da yake cin uwar kuɗi, ko yana da fara'a kamar me, yaransa sun san wata rana za su zo su tarar da ƙofa a rufe, saboda haka kowa sai ya fara tanadin kansa tun yau daga cikin abin da aka ba shi. Shahararren labarin nan na shekara ta 1929, sa'ad da Alhassan ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda a yau ake kira First Bank, akan ba da shi domin a nuna yawan arziki. Ga mai sikeli a ƙauye ma'anarsa dabam ce. Yana nufin kuɗin maigida suna nan, ba su tafi bakin maroƙa ba.

Kuma yana rubutawa. Yarda da mutum ba ta hana shi ƙirga abin da ya ba shi. Wannan wuri ne da mu Hausawa muke yawan tuntuɓe, gama muna jin kunyar mu ce wa ɗan'uwa ya kawo lissafi, kamar mun kira shi ɓarawo. Sai a yi shiru, zato ya yi ta girma a zuci, har ranar da za a rabu dutse a hannun riga. Inda lissafi ya zama al'ada ta kowa da kowa, daga babba har yaro, ba wanda yake jin an ci mutuncinsa, mai gaskiya kuma yana da abin da zai kāre kansa da shi ranar da aka yi masa ƙage.

Akwai kuma tsohuwar ɗabi'ar fatake game da yaran gida, wadda ya gāda ya kuma faɗaɗa. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya ko tsaron sito. In an ga hankalinsa sai a aike shi da kaɗan, in ya komo daidai a ƙara masa. Maigida ne yake yi masa aure, ya ba shi wurin zama, ya tsaya masa ranar suna da ranar rashin lafiya, a ƙarshe kuma ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da ya ga na gabansa sun bi wannan hanya sun zama masu gida, ya san abin da zai samu in ya yi haƙuri ya fi abin da ke cikin jakar da aka ba shi yau. Gudu da jakar hasara ce a gare shi, ko da ba a kama shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa cinikin gyaɗa aljanna ce. Amanar da take tsakanin attajiri da wakilansa ba kullum take isa wurin manomi ba. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuma da kaka ake nema, saboda haka talaka ba shi da ikon riƙe amfaninsa har farashi ya tashi. Wanda hatsinsa ya ƙare da damina yakan karɓi falle, ya ci kuɗin gyaɗarsa tun tana cikin ƙasa, a farashin da mai ba da bashi ya yanka. 'Yan baranda da masu murɗa sikeli sun cika kasuwanni. Kamfanonin Turawa kuma sukan haɗa baki a kan farashi, kuma sa'ad da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, manomi ne ya fi kowa jin jiki. Alhassan bai ƙirƙiro wannan tsari ba, amma a cikinsa ya yi arziki, kuma ɗan kasuwa ne mai neman riba, ba mai rabon sadaka a bakin sikeli ba. Tsohon da ya sayar da gyaɗarsa a kasuwar Kazaure a waɗannan shekaru yana da ikon ya ba da labarin da wata murya dabam da ta mutanen Koki.

Ya yi aikin hajji a farkon shekarun 1920, ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Bai tsaya ga gyaɗa da goro kaɗai ba, ya yi cinikin shanu da yadi da hatsi, ya sayi filaye da gidaje. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta yi yawa har jirgin ƙasa ya kāsa kwashe ta zuwa Ikko a kan kari, sai aka riƙa jera buhuna a fili ana tayar da su kamar tsauni, ana rufewa da tamfol. Wannan ita ce dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya takan ci buhu wajen 15,000, kuma har yau in an ambace ta sunan Ɗantata ne yake fara zuwa bakin mutane. A 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda take yanka farashi ta kuma ba da lasin saye. Da farko kamfanonin waje ne suke riƙe da lasin, 'yan ƙasa suna yi musu aiki. A farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa, ya zama yana sayar wa hukuma kai tsaye. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ba da lissafi ga akawun wani, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kamfanin da ya yi wa aiki. A waɗannan shekaru kuma ya shiga majalisar Sarkin Kano, ya kuma sa dukiyarsa cikin yunƙurin attajiran Kano na kafa masaƙar zamani ta 'yan ƙasa.

A shekara ta 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya kira 'ya'yansa, ya kuma kira babban ma'ajinsa, mutumin da ya daɗe yana riƙe masa lissafi. Wannan kira na biyu ya isa a tsaya a kansa. A irin wannan sa'a mutum jininsa yake nema, amma shi ya zaunar da ma'aikacinsa tare da magada, domin abin da zai faɗa ya shafi aikin da suka yi tare, kuma wanda ya san inda kowane kwabo yake shi ne zai iya hana gardama. Ya gargaɗe su su zauna tare, kada su bar kamfanin ya rushe, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su kuma kula da dangi, musamman marasa ƙarfi. Shi da ya ga yadda rabon gado ya watsa gidan ubansa yana ɗan shekara takwas, ya san abin da yake tsoro.

Ya rasu ranar Laraba, 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. A lokacin ana lissafta shi a kan wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Gyaɗar kanta ba ta daɗe ƙwarai bayansa ba. Farin shekara ta 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya nomanta, kuɗin man fetur kuma suka ɗauke hankalin gwamnati, filayen dala suka zama wayam. Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, waɗanda suka shiga Jihar Jigawa a 1991, ba su ƙara ganin irin waccan kaka ba. Amma gidan bai watse ba. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, Sanusi ya zama babban mai sayen gyaɗa da kansa, Aminu kuma ya karɓi ragama bayan Ahmadu, ya kai aikin ga gine-gine da waɗansu sana'o'i, ya rayu har shekara ta 2025. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.